Tuta Mai Kore Biyu

Shekaranjiya ina cikin yanka tutar Nijar, samari suna zaune a bencin ƙofar shagona suna jiran in ɗora musu lamba a riga, sai na ji Nasiru, jikan maƙwabcina, yana ce wa abokinsa wai duk cikin ɗinki babu aikin banza kamar tuta. Wai ƙyalle uku ne za ka jera ka bi su da keke, ko da ido rufe. Ni kuwa ga allura a bakina, na ci gaba da yankana. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin aikin nan, ku da kuke ganin komai a waya kuna zaton hannu ma haka yake da sauri.

Sunana Bawa, Bawa Tela ake ce mini a nan Wurno. A Rabah na koyi ɗinki, wurin ƙanin mahaifiyata, Kawu Arzika, Allah ya jiƙansa. Shekarata ta farko a wurinsa ko fedar keke ban taka ba. Aikina hura gawayin dutsen guga, da sa maɓalli, da kalmasa da hannu. In na gama sai ya kama ƙyallen da hannu biyu ya fizga. In zare ya tsinke, sai ya ɗaga shi sama yadda duk mai wucewa zai gani, ya ce, "Jama'a, wanga ɗumki na ko sawun kaza?" Sai in warware in sake. Ranar da ya fizga ya ji shiru, bai yaba ba, sai dai ya tashi daga kan keken ya ce in zauna. Keken nan shi ne har yau a gabana. An canza masa bel ban san adadi ba, amma kansa na asali ne. Almakashin kuwa ko matata ba ta taɓa shi, don ranar da aka yanka takarda da shi, ranar ya tashi daga aiki.

Ku kun taso kun tarar da wasan ƙasashe ana yi, ba ku san yadda aka faro ba. Duk lokacin da aka ce ƙasashen Yammacin Afirka za su kara a ƙwallon ƙafa a tsakaninsu, wato gasar nan ta maƙwabta, ba babbar ta Afirka duka ba, mu ma nan sai mu shirya tamu. A wancan lokacin ba a cika nuna ta a talabijin ba, a rediyo muke bin ta. Sai garuruwan ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo su aiko wakilai, a rubuta sunayen ƙasashe a 'yan takardu, a zuba a hula, kowane gari ya zari ɗaya. Wanda ya zari Gana ya zama Gana har a gama. A can manya suna bugawa, a nan mu ma muna bugawa a gonakin da aka girbe ko a filin makaranta. Najeriya ba a sa ta cikin hula, don shekarar farko da aka sa ta saura kaɗan a ba hammata iska, sai dattawa suka ce ta kowa ce. Nijar kuwa kowa addu'a yake ta faɗo masa, tunda babu gidan da ba shi da dangi a can. To, kowane gari yana buƙatar riguna da tuta, ni kuma ga ni da keke.

Rigunan farko da na ɗinka na mutanen Magarya ne, shekarar da suka zama Togo. Na yanka su tsaf kamar kayan Sallah, aka yi ta yabo. Ana fara wasa, ɗan wasansu na farko da ya ɗaga hannu zai jefo ƙwallo, sai ji muka yi ɓarrr. Kafin a je hutu duk hammatarsu a waje take. Daga nan na gane rigar ƙwallo ba ta tsayuwa ba ce. Sai ka sa mata ƙarin ƙyalle a hammata, ka bi kafaɗa sau biyu, ka bar wuya da faɗi don wanda za a shaƙo ta baya. Wando kuma sai ya rufe gwiwa, don liman ma yana zuwa kallo. Lamba kuwa ba buga ta muke yi ba a lokacin, yanka ta muke yi daga farin yadi mu ɗora. Ɗaya da bakwai ba su da wuya. Takwas ita ce mai fitar da gumi, rami biyu, kowanne sai ka lanƙwasa bakinsa ciki da bakin allura. Ni in yaro ya ce mini ya iya ɗinki, takwas nake ba shi, in koma gefe in sha shayina.

Shekarar da ta kayar da ni, wani yadi ne kore na samo a kasuwa, mai sheƙi, mai sauƙin kuɗi. Kwaɗayi ya hana ni gwada shi. Na yi wa gari uku riguna da shi. Rana ta buɗe, gumi ya tsatso, sai ga 'yan wasa sun koma kore tun daga wuya har cibiya, kamar an tsoma su a miyar kuka. Wani gola sai da ya kwana huɗu yana dirzar jikinsa da toka, ga shi ango. Aka raɗa mini suna Bawa Mai Zuba. Shekarar ko kayan Sallah ba wanda ya kawo mini. Facin buhunan albasa na koma yi a bakin kasuwa, ni da na ɗinka wa hakimai. Da ƙyar sunan ya sake ni. Tun daga ranar duk yadin da zai shiga shagona sai na yanki kusurwarsa, na jiƙa da ruwan gishiri, na murza a kan farin ƙyalle. In ya bar ko alama, mai shi ya ɗauki abinsa, ko da ɗan'uwana ne.

Yanzu ga maganar tuta, wadda Nasiru ya raina.

Wata tsohuwar kalanda ce malamata. Wani direba ya ba ni ita, bayanta da hotunan tutocin ƙasashe. Na kafe ta a bango, in an kawo aiki in duba in yanka. Sai dai hoton ba shi da sanda, ni kuma ban yi boko ba, allo na yi. Karatuna daga dama yake farawa, awon mutane ma da ajami nake rubutawa. Cin abinci da dama, sa takalmi da dama, shiga masallaci da dama. Don haka ko tunani ban yi ba, na ɗauka ita ma tuta daga dama take farawa, nan nake yi mata bututun da sanda ke shiga. Ashe a hoto, sanda daga hagu take.

Shekaru ina wannan aika-aika asirina a rufe. Ta Najeriya ko ta ina ka juya ta ɗaya ce. Ta Nijar da ta Gana layukansu a kwance suke, ba ruwansu da gefe. Amma akwai biyu da ba sa yafiya. Ta Mali a tsaye take: kore a jikin sanda, ruwan ɗorawa a tsakiya, ja a ƙarshe. Ta Gini launukan ɗaya ne, sai dai ja ne a jikin sanda. In ka sa bututu a gefen da ba shi ba, ka mayar da Mali Gini, ka mayar da Gini Mali. Haka garuruwanmu suka yi ta yawo da tutar wasu suna kirari, ni ina gefe ina hura hanci.

Wata safiya, shekarar da mutanen garin Boyekai suka zari Mali, wani dattijo ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagona, dogo, siriri, da farar riga da sanda. Baba Seku ke nan, masunci a bakin dam ɗin Goronyo. Asalinsa mutumin Mali ne. Kamun kifi ya kawo shi tun yana da ƙarfinsa, ya yi aure a nan, ya haifa, ya yi jikoki, bai sake komawa ba. Hausa ta zauna a bakinsa kamar namu.

"Malam Bawa, an ce mani kai ka ɗumkin tutar ƙasashe."

"Ni na, Baba. Bisimilla, zamna."

"Yaran Boyekai sun ishe ni hal gida. Sun ce in sun kai wasan ƙarshe, ni ka shiga gabansu da tuta. Ina son babba, wadda jikokina ka hange tun daga nesa. Su ba su san ƙasata ba, sai dai su ji ana ce mani Ɗan Mali. Ina son su ga ko da tutarta a hannuna. Ka ko san ta?"

"Haba Baba, shekara nawa ina ɗumkinta? Ja, ɗorawa, tsanwa."

"Tsanwa, ɗorawa, ja," in ji shi.

"Dut ɗaya na, Baba."

Ya dube ni, sai ya bar ni a kan maganata. Mutum ne mai kunya, ni kuma ga ni da tef a wuya ina ta iyayi. Na yi masa tuta ta gani ta faɗa, tsayinta kamu uku, yadi mai kyau wanda na gwada da gishiri, kalmasa biyu-biyu, na kuma samo mata gora miƙaƙƙiya. Bututun kuwa na lanƙwasa shi daga jikin jan, yadda na saba.

Allah da ikonsa Boyekai suka kai wasan ƙarshe. Abokan karawarsu mutanen garin Sisawa ne, waɗanda suka zari Gini, su ma ni na yi musu tasu. Aka sa wasan a Goronyo bayan La'asar. Na naɗe tutar a jikin gorarta, na hau kabu-kabu na kai da kaina, don in ji yabo da kunnena. Fili ya cika maƙil, masu rake da masu ƙosai sun kafa, rediyo sai kuka yake a kafaɗar mutane. Baba Seku yana tsaye gaban 'yan wasan Boyekai, jikokinsa sun jeru a bayansa cikin sababbin kaya.

Na warware tuta, iska ta buɗe ta, aka ɗauki tafi. Na miƙa masa. Bai karɓa ba.

Ya dube ta tun daga sanda har ƙarshe. Sannan ya ɗaga kai ya hangi ɗaya gefen filin, inda Sisawa suke kaɗa tasu. Sai kawai ya dogara sandarsa ya ratsa tsakiyar fili, a hankali, shi kaɗai. Ya isa, ya kama gefen tutar Sisawa da hannu biyu, ya kifa fuskarsa a ciki.

Wuri ya kaure. "An saye tsoho!" "Baba ya koma Sisawa!" Su kuma Sisawa suka ɗauki shewa, wai tun ba a fara ba sun ci ɗaya. Na bi shi da gudu, takalmina ɗaya ya tsaya a fili.

"Baba, lahiya? Ga taka can!"

"Wagga ita ta tawa, Malam Bawa. Waccan ta mutanen Gini ta."

Alƙalin wasa, wani malamin firamare, ya zo ya duba wannan ya duba waccan, ya dafe kai. Ya ce tsoho ya yi gaskiya, a hoto sanda daga hagu take. Ya ce shi ma shekara da shekaru yana busa usur a ƙarƙashinsu bai taɓa lura ba. Wannan bai rage mini komai ba. Sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce to abu mai sauƙi, a yi musanya. Nan na gane ban san 'yan ƙwallo ba. Shugaban samarin Sisawa, Mode, wani ƙaton manomin gero mai koren hirami a kafaɗa, ya rungume gorarsu kamar za a ƙwace masa ɗa.

"Wasa ukku munka ci da tutag ga. Ko ta Gini ta, ko ta Mali ta, ko ta ƙasar aljannu ta, ba mu ba da ta!"

Su ma Boyekai suka ce ko an ba su ba sa karɓar tutar da Sisawa suka tofe da addu'o'insu. Wasu suka ce tsoho ya riƙe wadda aka yi masa mana, wa zai sani? Baba Seku ya saki ƙyallen, ya share ido da bakin riga.

"Ni na sani," ya ce. "Ba komi. Ku yi wasanku, ni za ni gida."

Ya juya yana neman jikokinsa da ido. Su kuwa suna can tsaye inda ya bar su, sun ƙi ko motsi, suna jiran kakansu ya dawo ya shiga gaba. Kunyar koren yadi ba ta kai rabin wadda na ji a lokacin ba. Waccan sunana ta ɓata, wannan kuwa ranar wani nake shirin ɓatawa, ranar da ya daɗe yana jira.

Na sa aka kawo tutar, na shimfiɗa ta a ƙasa, na durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah gwada mani. Wane gehe sanda ka shiga?"

Ya sunkuya ya ɗora tafin hannunsa a kan koren.

Alƙali ya dubi rana ya ce ya ba ni minti ashirin, in ba haka ba Magariba za ta riske su a fili. Tela ba ya fita ba allura a hularsa, da zare da reza a aljihu. Na zare gorar, na bi bututun jan da reza na farke shi. Ga inda Nasiru zai buɗe kunne. Bututun daga jikin jan aka lanƙwasa shi, don haka da na warware sai jan ya fi sauran faɗi da taƙi guda, dole a yanke rarar. Koren kuma ba shi da rara. In na lanƙwasa bututu daga jikinsa zai tsuke, layuka uku su ƙi daidaita, tuta ta koma zanen gado. Sai an samo wani koren ƙyalle an ƙara. Na duba jakata, babu. Na ɗaga kai na ce wa ke da kore? Aka yi ta dube-dube. Rigunan Boyekai ruwan ɗorawa na yi musu da hannuna.

Sai na ji abu ya faɗo mini a kafaɗa. Hiramin Mode ne.

"Riƙa, tela. Amma wallahi in sunka ci mu, sai ka ɓalle shi ka maido mani abina."

Aka fashe da dariya, har tsohon. Na tsaga hiramin a tsaye, na ninka. Mutum biyu suka ja mini tutar ta miƙe, ɗan Boyekai a sama, ɗan Sisawa a ƙasa. Na ninka zare biyu, na bi da ɗinkin hannu mai komawa baya, wanda ba ya tsinkewa. Kamu uku ba wasa ba ne. Na soke yatsa sau biyu, gumi yana shiga mini ido, ɗaruruwan mutane sun yi mini rumfa, kowa ya zama tela yana ba ni shawara. Bakin jan ban samu yi masa kalmasar kirki ba, na dai lanƙwasa na kama shi da manyan taku. Na ƙulla zare, na kama bututun da hannu biyu na fizga. Shiru. Na zura gora.

Koren hiramin ya fi na tutar duhu, kowa yana gani. Baba Seku ya miƙa wa wani sandarsa, ya karɓi gorar, ya ɗaga. Iska daga wajen dam ta buɗe ta. Ya dubi tasa, ya dubi ta Sisawa, ga su iri ɗaya sak, sai ya ƙyalƙyale da dariya har yana tari.

"Tau, yau kowa yac ci, Mali ta ci!"

Ya shiga gaba ba sanda, jikoki a bayansa, 'yan wasa a bayansu, suka zagaye fili. Mutanen Sisawa ma sai da suka tafa masa. Wasan kuwa Sisawa ne suka ci, don haka Mode bai nemi hiraminsa ba. Har yau in ya gan ni sai ya ce ni ne na mayar da shi ɗan Mali ba da saninsa ba.

Abin bai bar ni na sake ba, don ɗinkin fili ba ɗinkin da zan so a ce nawa ba ne. Bayan mako guda na yi sabuwa a keke, kore ɗaya, layuka daidai, sanda a inda ya dace. Na fita da sassafe zuwa Goronyo, da niyyar in ba shi, in karɓo waccan in ɓoye ta, in dawo kafin hantsi, don akwai ɗinkin biki yana jirana. Na same shi a gindin bishiya bakin ruwa yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Ya buɗe sabuwar, ya shafa ɗinkin, ya ce ta yi kyau ƙwarai, a ba yara su yi wasa da ita. Na ce to tsohuwar fa?

"Tana ɗaka. Ba ni ba da ta."

"Baba, tsanwa biyu gare ta. Bakin jan ma ba shi da kalmasa."

"Na gani, idona bai mutu ba." Ya ajiye komar a cinyarsa. "Malam Bawa, na hi shekara talatin garin ga. An ba ni wurin zama, an ba ni mata, ba abin da anka rage ni da shi. Amma ba wanda yat taɓa cewa in gwada mashi wani abu na ƙasata sai kai, ranan nan. Ka tambayi gehe guda. Zamna in hwaɗa maka sauran."

Ya matsa ya ba ni wuri a kan tabarma. Ya fara daga kogin garinsu, da irin kifin da ke cikinsa, da sunan mahaifiyarsa.

Ran nan ban buɗe shago ba.